Gunvor da Sashe na Tara

Shekara goma sha tara Gunvor Thybo ta yi tana riƙe da ofishin kwangila na majalisar garin Skarrevig, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa kama ta da laifi ko ƙanƙani ba. Ba don ba a nema ba. Yayanta Asger magini ne, shi ya gaji kamfanin mahaifinsu da ma'aikata goma sha ɗaya da motoci uku, kuma fiye da rabin aikinsa na majalisa ne: gyaran makarantu, facin rufi, matakalar bakin tashar jiragen ruwa. Saboda haka duk ranar da za a buɗe takardun masu neman kwangila, in dai akwai sunan Thybo a ciki, Gunvor kan ɗauki kofinta ta fita, ta bar mataimakinta ya yi aikin. Asger kuwa ba ya kiranta da sunanta. Hukuma yake ce mata, ko a gaban wa.

Abin da ya tayar da hankalin gari shi ne ɗakin ninkaya. Wata Lahadi da safe, kafin a buɗe ƙofa, silin ɗinsa ya rufto cikin ruwa gaba ɗaya. An yi sa'a ba kowa a ciki, amma da ya ƙara awa guda, da 'yan ajin koyon iyo ya danne. Kamfanin da ya yi aikin baƙo ne, ya ci kwangilar don shi ya fi kowa araha, kuma kafin a gama bincike kamfanin ya rushe, ko wanda za a kai kotu ba a samu ba. Majalisa ta ce sai an sake ƙa'idojin ba da kwangila tun daga tushe. Aka ɗauko lauya daga babban birni, ya yi wata biyu yana rubutu, ya aiko da takarda mai shafi arba'in da shida.

Gunvor ta karanta ta a rana ɗaya. Akwai abubuwa masu kyau a ciki, akwai waɗanda za ta iya gyarawa. Da ta zo sashe na tara sai ta cire tabarau ta ajiye. Sashen ya ce daga yanzu za a haɗe duk gyare-gyaren gine-ginen majalisa wuri guda, a bai wa kamfani ɗaya na tsawon shekara huɗu, kuma ba mai neman aikin sai wanda ke da ma'aikata hamsin na dindindin. Ta san ƙananan kamfanonin garin ɗaya bayan ɗaya, su goma sha huɗu, masu gini da kafintoci da masu famfo da masu fenti. Ko an tara ma'aikatan uku daga cikinsu ba za su kai hamsin ba. Kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa silin ɗin ɗakin ninkaya.

Washegari ta je wurin Preben Lodahl, kansilan da ke shugabantar kwamitin gine-gine. Tsohon malamin makaranta ne, mutum mai sauƙin kai, sai dai zaɓe na gabansa a watan Nuwamba. Ta yi masa bayani cewa abin da ya kayar da silin rashin dubawa ne, ba ƙanƙantar kamfani ba. Ta ce a raba aikin kashi-kashi, kowa ya nemi abin da ƙarfinsa zai ɗauka, a kuma ƙara masu duba aiki. Preben ya saurare ta har ta gama, yana juya cokali a kofi.

"Maganarki gaskiya ce," ya ce. "Amma ba bakinki ne zai faɗe ta ba. Ranar da aka ji 'yar Thybo ce ta sassauta sashen nan, jarida za ta ce Thybo ta rubuta wa Thybo doka. Daga ni har ke har gyaran naki, duk sai mun nutse."

Ta ce to shi ya faɗa mana. Ya yi murmushi mai ciwo, ya ce mutanen da za su jefa ƙuri'a hoton silin a ruwa suke gani, kuma wanda duk ya tashi yana neman sassauci a bana ya haƙa wa kansa rami. Ya ba ta zaɓi biyu. Ko ta janye daga aikin gaba ɗaya, takardar lauya ta wuce yadda take, har da kurakuran da ta gano a sashen duba aiki. Ko ta zauna ta gyara sauran, amma ta sa hannu cewa ba za ta taɓa sashe na tara ba, ba kuma za ta faɗa wa kowa abin da ke ciki ba sai ranar uku ga Oktoba, ranar da za a fitar da takardar ga jama'a. Ta yi tunanin yaran ajin iyo. Ta sa hannu.

Kowace Lahadi da rana ita da Asger sukan haɗu a gidan tsofaffi, wurin mahaifinsu Ejnar, wanda ya haura tamanin da biyar, hankalinsa na zuwa yana tafiya. Ita takan kawo baƙin burodi da kifi mai tsami, shi kuma ya kawo labari. A Lahadin farko ta Satumba Asger ya shigo da fara'a, iska ta hargitsa masa ɗan gashin da ya rage.

"Baba, ga Hukuma ta riga ni. Ku zauna da kyau ku ji abin dariya."

Wani babban kamfani daga birnin Aarhus ne ya aiko masa da wasiƙa, suna so su saye kamfanin Thybo. Za su riƙe ma'aikatan duka goma sha ɗaya, su bar shi a matsayin shugaban reshe har ya yi ritaya, sun kuma ba shi zuwa ƙarshen wata ya ba da amsa. Ya karanta wasiƙar da muryar 'yan birni yana lanƙwasa baki. Ya ce ga makarantu uku na jiran sabon rufi baɗi, kowa ya san rufin nan nasa ne tun zamanin Baba, to me zai sa ya koma ɗan aiken wasu yara masu ɗaure wuya? Ejnar ya yi dariya har da tari, ko da yake ba lallai ya fahimci abin da ake yi wa dariyar ba.

Gunvor ta ajiye burodin da ke hannunta. Nan take ta gane abin da ke faruwa. Mutanen Aarhus sun hango inda iska ta dosa, suna neman ma'aikata a garin kafin babbar kwangila ta fito. Ƙarshen wata ranar talatin ce. Takarda za ta fito ranar uku. Kwana uku kacal ne tsakanin yayanta da abin da ya kamata ya sani.

Ranar Litinin ta koma wurin Preben ta roƙi a matso da ranar fitar da takarda, ko da mako ɗaya ne. Ya tambaye ta dalilin gaggawar. Ta fara kawo wasu dalilai na ofis, ita kanta ta ji ba su da tushe, sai ta faɗa masa gaskiya. Preben ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna kamar an ɗora masa kaya.

"Da ma ba ki faɗa min ba," ya ce. "Yanzu in na matso da ranar, don yayanki na matso da ita. In kuma ya sayar kafin ranar uku, ni da na san kin sani, me zan ce in an tambaye ni?"

Ta fito daga ofishinsa ta fi yadda ta shiga ɗauruwa. Da, shirunta kaɗai ke damunta. Yanzu ko Asger ya sayar don ra'ayin kansa, akwai mutum guda a majalisa da zai riƙa kallonta da ayar tambaya. Kuma ba ita kaɗai abin zai ci ba. In aka ce sirri ya fita daga ofishinta, sauran kamfanoni goma sha uku na da haƙƙin kai ƙara, a soke cinikin, a sa sunan Asger cikin waɗanda ba za a sake bai wa aiki ba.

Haka ta yi makonni uku. Da safe ta hau kekenta ta bi ta bakin teku zuwa ofis, ta yi ta gyaran sashen duba aiki, kalma bayan kalma. Ta sa a riƙa duba kowane rufi sau biyu kafin a rufe shi da silin, ta sa mai dubawar ya zama ba shi da alaƙa da mai ginin. Aiki ne mai kyau, ta sani. Amma duk lokacin da ta juya shafi ta wuce ta kan sashe na tara, sai ta ji kamar ta tsallake mutum kwance a hanya. Sau biyu ta ɗauki waya ta nemo lambar Asger, ta ajiye. Ranar Juma'a da ake cin burodi mai zafi tare a ofis, abokan aiki suka fara tambayarta ko ba ta da lafiya.

A Lahadin ƙarshe ta watan ta yanke shawarar ta bi ta bayan gida. Bayan sun ci abinci, mahaifinsu na gyangyaɗi a kujera, ta ce da Asger ya kamata ya sake duba wasiƙar nan. Ta ce shekararsa sittin da ɗaya, gwiwoyinsa sun gaji, ga shi 'ya'yansa ba mai sha'awar siminti. Ta ce irin wannan tayi ba ya zuwa sau biyu. Tana magana tana kallonsa cikin ido, tana fatan ya karanta abin da bakinta ya kasa faɗa. Shi kuwa abin da ya karanta daban ne.

"Wato kin gaji da fita da kofi," ya ce a hankali. "In na sayar, sunan Thybo ya bar teburinki, kin huta."

Ta ce ba haka ba ne. Ya ce haka ne mana, tun suna yara take toshe hanci in Baba ya shigo da ƙurar bulo a riga. Ya ce ita ta zaɓi takarda, ba wanda ya hana ta, to ta bar masu aiki su yi aiki. Muryarsa ta ta da tsohon. Ejnar ya buɗe ido ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce su daina faɗa a kan keken nan, zai saya wa kowa nasa in aka biya shi aikin coci. Asger ya gyara masa bargo, ya fita bai yi mata sallama ba. Ranar Talata ya aika wa mutanen Aarhus da amsa mai layi biyu, ya ce ya gode, ba zai sayar ba.

Takarda ta fito ranar uku. Ranar sha biyu aka yi taron jin ra'ayin jama'a a babban zauren majalisa, da ƙarfe biyar na yamma, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Zauren ya cika da mutane cikin rigunan aiki, suna ɗigar ruwa a kan katako. Gunvor ce za ta gabatar da ƙa'idojin, don aikin ofishinta ne. Ta tsaya ta bi sassan ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo na tara, ta karanta shi kamar yadda aka rubuta, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Asger na layi na huɗu, hannuwansa a harɗe. Ba ta dubi wajen ba, amma duk jikinta ya san inda yake.

Wata mai aikin famfo, Bodil Vang, mace gajera mai babbar murya, ta miƙe ta tambayi wanne daga cikinsu ya kayar da silin. Ta ce in ba ɗaya, me ya sa su za a yanka? Ta kawo shawarar a raba aikin kashi-kashi, kusan kalma da kalma irin abin da Gunvor ta faɗa a ofishin Preben. Aka tafa mata. Sai ta juyo ta ce tana so ta ji ra'ayin shugabar ofis, wadda ta fi kowa sanin aikinsu. Gunvor ta matso kusa da abin magana ta ce ba ta da hurumin cewa komai a kan wannan sashe, saboda dalilin da kowa ya sani. Wani daga baya ya ce, "Ta iya wanke hannu," aka yi 'yar dariya marar daɗi.

Da aka tashi taro Asger ya fito nemanta. A wurin ajiye kekuna ya same ta, tana fama da makulli, ruwa na bin wuyan rigarta. Ya tsaya a gabanta.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Agusta."

"Ranar da na karanta wasiƙar a gaban Baba?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai sau da yawa, kamar mai auna bango da ido. Ta fara yi masa bayanin sa hannun da ta yi, da ƙarar da sauran za su iya kaiwa, da abin da zai faru da sunansa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Ya ce ya san doka, shekara arba'in yana cike takardun majalisa. Ya ce ba ya cewa ta yi laifi. Abin da yake cewa shi ne yana da mutum goma sha ɗaya da zai kalla gobe da safe, kuma bakwai daga cikinsu suna da yara. Ya juya ya nufi motarsa.

Majalisa ta amince da ƙa'idojin mako biyu kafin zaɓe. Shawarar Bodil ta sami ɗan gurbi: ƙananan gyare-gyare a gidajen wasan yara da bayan gida na jama'a za a ci gaba da bai wa 'yan gari. Sauran duka, har da makarantu, suka shiga babbar kwangila, kuma kamfanin Aarhus ne ya ci. Preben ya koma kujerarsa da ƙyar. Asger ya kira mutanen Aarhus ya tambaya ko tayin na nan. Suka amsa cikin ladabi cewa lokacinsa ya wuce, amma suna iya ba shi aikin yini in buƙata ta taso. Kafin ƙarshen Janairu ya sallami mutum shida, ya sayar da mota ɗaya. Ya koma zuwa wurin mahaifinsu ranar Asabar. Ma'aikatan gidan tsofaffi suka lura.

Gunvor ta yi tunanin ajiye aiki. Ta rubuta takardar ma, ta bar ta a aljihun tebur. Amma sabon tsarin duba aiki bai zauna ba tukuna, masu dubawa biyu ne kawai aka ɗauka maimakon huɗu, kuma ta san in ta tafi, farkon abin da za a datse ke nan. Ta ci gaba da zuwa.

A watan Maris aka yi guguwa ta kwana biyu, ta yaye wani ɓangare na rufin makarantar firamare ta arewacin gari. Ruwa ya riƙa zuba cikin ajin 'yan shekara bakwai. Shugabar makarantar ta kira lambar kamfanin Aarhus, aka ba ta lambar jira, aka ce ma'aikatansu na can kudu inda ɓarnar ta fi yawa, sai nan da kwana goma sha takwas. Aka jera bokitai a tsakanin tebura. Jikar Asger na cikin ajin. Ranar Asabar da sassafe Asger ya ɗora tsani a mota, ya je shi kaɗai da gajiyayyun gwiwoyinsa, ya rufe wurin cikin awa uku, bai nemi ko sisi ba.

Ranar Laraba wasiƙar kamfanin Aarhus ta iso teburin Gunvor. Sun ce wani ya taɓa rufin da ke hannunsu ba da izini ba, don haka sun janye lamunin da suka bayar a kan rufin duka, sai dai in majalisa ta gargaɗi mutumin a rubuce. Sabuwar ƙa'ida ta ba su wannan dama. Ita ce ma ta ƙarfafa wurin da hannunta, don kada a sake samun aikin da ba a san mai shi ba. Mataimakinta ne ya rubuta gargaɗin ya sa hannu, tun da sunan Thybo ne. Da zai jefa a akwatin wasiƙu ta ce ya ba ta, hanyarta ce.

Ba hanyarta ba ce. Ta yi tafiyar kilomita shida a keke, iska na tura ta baya, har filin kamfanin Thybo da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ta tarar da Asger a rumfar katako yana wanke cebur, aikin da a da ba shi ke yi ba. Ya dube ta, ya dubi ambulan mai tambarin majalisa, ya goge hannu a wando ya karɓa. Ya karanta a tsaye, leɓɓansa na motsi. Da ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Rufin ya daina zuba?" ya tambaya.

"Ya daina. Mai dubawa ya hau jiya. Ya ce bai ga abin gyarawa ba."

"To ya rubuta wannan ma a takarda mana."

"Ba shi da gurbin da zai rubuta shi."

Asger ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Ya ninke wasiƙar gida huɗu ya cusa a aljihun ƙirji. Jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu ya wuce ya girgiza kwanon rumfar. Sai ya ce ya daɗe yana juya maganar a ransa. Ya ce ko da ta faɗa masa a watan Satumba, bai tabbata zai sayar ba, ƙila ma da ya tafi majalisa ya yi ta ihu har a kore su su biyu. Ya ce wannan bai sa ya daina jin haushinta ba, kada ta ɗauka an wuce wurin. Ta ce ba ta ɗauka ba.

Ya duba sama, ya ce ruwa zai sauko kafin ta kai gada. Ya ɗauki kekenta ya jefa a bayan mota a kan buhunan yashi, ya buɗe mata ƙofa daga ciki don hannun waje ya karye. A hanya ba su yi magana ba sai sau ɗaya, da ya tambaye ta ko shekara huɗun kwangilar nan daga ranar sa hannu ake ƙirga ta ko daga farkon shekara. Ta ce daga ranar sa hannu. Ya ƙirga a yatsunsa a kan sitiyari, ya ce lokacin yana da sittin da biyar. Ya sauke ta a kwanar da ke kafin ginin majalisa, inda ba a hango su daga tagogi, ta tura kekenta ta ƙarasa da ƙafa.